Kamun Dogo da Kamun Gajere

Saura mako uku a kira ni intabiyun zama ɗan ƙasa maƙwabcina ya ce in raka shi kamun kifi. Da farko na ce a'a. Matar da ke taimaka mana da cike takardu a unguwarmu ta Morris Heights ta riga ta ja mini kunne. Ta ce a cikin fom ɗin akwai tambayar ko hukuma ta taɓa kama ni ko ta rubuta mini takardar laifi, kuma za a sake yi mini tambayar baki da baki bayan na yi rantsuwa. Shekara goma sha ɗaya ina New York, amsata a'a ce. Ta ce in lallaɓa ta a haka har ranar. Idan na samu takardar zama ɗan ƙasa, matata da 'yarmu za su iya biyo ni ba tare da dogon jiran da muke ciki ba. Tun daga ranar na daina tsallaka titi sai fitila ta ba ni hannu, ko da babu mota ko ɗaya.

Saboda wannan intabiyun ne na yi shekara biyu ina zuwa ajin manya, Talata da Alhamis, bayan na tashi daga aikin ɗaukar kaya a wani sito kusa da filin jirgin sama na JFK. Ban yi boko ba a gida. Ƙuruciyata a cikin kwalekwalen mahaifina na yi ta, a kogi, wajen Yauri. A intabiyun ana ba mutum jimla ya karanta, a ba shi wata ya rubuta. A lokacin na fara iya karatu, amma a hankali, yatsana a ƙarƙashin kalma. Har abin ya zame mini jiki. Duk rubutun da na gani, a jirgin ƙasa ko a kwalin madara, sai na tsaya na haɗa baƙaƙensa.

Maƙwabcin nawa mutumin Kumasi ne, direban tasi, dogo ne har sai ya sunkuya yake shiga ƙofar ɗakina. Alhaji nake ce masa. Kafin ya zo Amurka a rumfar mahaifinsa yake sayar da yadi. Shi kuma Sarkin Ruwa yake ce mini, don tsokana, ko ya ce "masa", yadda mutanen Kumasi ke kiran aboki.

"Ei, Sarkin Ruwa," ya ce, yana tsaye a bakin matakala. "Shekara nawa kana ba mu labarin giwan ruwa da baki? Zo mu gani a ƙasa."

"Ai ba a ƙasa ake ganin kifi ba, Alhaji."

"To zo mu gani a ruwa. Masa, me kake tsoro? Komai da takarda za mu yi."

Ya ciro wayarsa ya yi mini rajistar masu kamun kifin teku nan take, washegari ya kawo mini takardar a buge. Na karanta sunana a jiki sau biyu. Gaskiya ita ce na yi kewar ruwa. Kullum daga ƙofar sito ina hango shi yana ƙyalli a bayan filin jirgi, ban taɓa sa hannu a ciki ba. Na ce to.

Ranar Asabar muna idar da sallar asuba muka kama hanya. Damina ce ta nan, wato lokacin zafinsu, tun da sassafe riga na manne wa mutum a baya. Muka hayi ƙaramin jirgi mai inji a bakin wata mashiga ta teku, inda ruwa ke shigowa ya kwanta tsakanin ciyayi da tsibirai ƙanana. Mai jirgin ya ba mu rigunan ruwa biyu masu hana nutsewa. Na sa tawa na ɗaure ta tam. Alhaji ya yi mini dariya, ya ce ɗan masunta da rigar tsoro. Na ce kogin da na sani na san inda ya nufa, wannan kuwa ban san shi ba.

Haka ne kuwa. Kogi hanya ɗaya yake bi tun da Allah ya halicce shi. Wannan ruwan sai ya cika ya janye, ya sake cikowa, sau biyu a yini. Alhaji ya ce sirrin kamun duk a nan yake. Kifi na ci ne sa'ad da ruwa ke tafiya, ko shigowa ko fita. Da ya tsaya cik, ka ajiye sandarka ka ci abincinka. Ba a kuma ɗaure jirgi wuri ɗaya. Sai a hau can sama, a kashe inji, a bar ruwa ya ja jirgin a hankali ta gefen kwari, inda mai zurfi ya haɗu da marar zurfi. Wannan kam ba sai an nuna mini ba. Launin ruwa na kalla na ce masa ga bakin kwarin nan, inda kore ya koma baƙi-baƙi. Ya duba na'urar wayarsa, ya dube ni, ya ce, "Ashe ba ƙarya kake mana ba."

Ya koya mini ɗaurin. Dalma a ƙasa, ƙugiya a ɗan sama da ita. A ƙugiyar ana sa wani farin naman teku mai santsi da suke kira sikwid, a yanka shi siriri kamar ganyen albasa, a ƙara ɗan ƙaramin kifi mai layin azurfa ta ido. Dole ka riƙa jin dalmar na taɓa ƙasa, tuk, tuk. In ba ka ji ba, ruwa ya fi ƙarfinta, ka sa wadda ta fi nauyi. Ka ɗan ɗaga sanda ka sauke, ka ɗaga ka sauke. In ka ji nauyi kamar tsumma ya maƙale, kada ka fizge. Ka saki kaɗan, ka ƙirga uku, sannan ka ɗaga.

"Abu ɗaya ya rage," in ji shi, yana ɗaga murya don wani jirgin sama na wucewa ta kanmu. "Kifin nan, fuluk, yana da doka. Ƙarami ba naka ba ne, mayar da shi za ka yi. Sai wanda ya kai kamu ɗaya." Ya buga gwiwar hannunsa ta dama, ya shafo har ƙarshen yatsansa na tsakiya. "Na gwada da rula. Kamu ɗaya daidai ne da dokarsu, har da ɗan ragowa."

Hankalina ya kwanta da jin haka. Da inci ya ce mini, da na rikice. Kamu kuwa na san shi tun ban san kaina ba. Da shi mahaifina ke auna igiyar mamari mai jerin ƙugiyoyi, da shi muke auna zurfin ragar taru. Kowa hannunsa ne ma'auninsa, ban taɓa jin an yi musu a kai ba a cikin jirgi.

Muka raba wuri don kada zare ya sarƙe. Shi a baya wajen inji, fuskarsa gabas. Ni a gaba, fuskata yamma, kular ƙanƙara a kusa da ƙafata. Ba a daɗe ba na ji nauyin nan. Na saki, na ƙirga uku, na ɗaga. Abin da ya fito sai da na yi salati. Kifi ne shimfiɗaɗɗe kamar faifai, gefe ɗaya fari fat, ɗayan ruwan ƙasa mai ɗigo-ɗigo, idanunsa biyu duk a ɓangare guda, baki a karkace cike da haƙora.

"Alhaji, wannan ana cin sa kuwa?"

"Ka ci ka manta da tarwaɗa. Sa masa ragar koma ta kai, ba ta wutsiya ba."

Na farkon bai kai ba, na mayar. Na biyu ma haka. Na uku na kwantar da shi a kan benci, na ɗora hannuna, bakinsa a gwiwar hannuna, wutsiyarsa ta wuce yatsana sosai. Na ce ya kai. Alhaji bai ko waiwayo ba, ya ce jefa a kula. Kafin rana ta take na sa uku a ciki. Biyun na baya da kaɗan suka wuce yatsana, amma sun wuce. Alhaji ɗaya ya samu, yana ta mita wai kifayen Amurka ma sun san ɗan gida.

Wajen azahar ruwa ya tsaya. Muka ajiye sanduna. Alhaji ya buɗe robar shinkafa da wake da matarsa ta zuba mana, da yajin nan nasu baƙi mai manja da kifi. Ina ci ina kallon jikin jirgin. Daga ciki, ƙasa da inda na jingina gwiwata tun safe, akwai wata doguwar takarda mai ɗanko da aka manna, rana ta cinye launinta. Layuka ne a jere da lambobi, sai rubutu ƙanana a sama. Kamar yadda na saba, na sa yatsa na fara haɗawa. Sunayen kifaye ne, kowanne da lamba a gabansa. Na sami fuluk. A gabansa an rubuta goma sha tara. Layukan da ke ƙasa kuwa rula ce, daga ɗaya har talatin da wani abu.

Ban san abin da ya sa na yi ba. Na ajiye cokali, na ɗora gwiwar hannuna a farkon rular, na miƙe yatsu. Yatsana na tsakiya ya tsaya a goma sha bakwai da ɗan kaɗan. Na gyara zama na sake gwadawa, na miƙe yatsun har suka yi zafi. Bai ƙaru ba.

Na juya wajen Alhaji.

"Alhaji, kawo hannunka nan."

"Me ya faru?"

"Kawo dai."

Ya matso, jirgin ya yi tangaɗi. Ya ɗora nasa. Ya wuce goma sha tara, ya kusa ashirin. Muka dubi juna. Shi da ya sayar da yadi ya fi ni saurin ganewa. Ya dafe kai.

"Ei! Ei, Allah! A kasuwa in mai saye gajere ne, dogo yake ɗaukowa ya auna masa. Na san wannan tun ina yaro. Yaya na manta?"

Na buɗe kula. Na fari da na ajiye ya wuce layin lafiya. Na Alhaji ma ya wuce. Sauran biyun ba su kai ba, kowanne da saura inci ɗaya da wani abu. Na ƙarshen da na kama yana kwance cikin ruwan ƙanƙarar da ta narke, kunnensa na motsi a hankali. Na ɗauke shi da hannu biyu, na sunkuya na riƙe shi a cikin teku, ina kai shi gaba ina dawo da shi don ruwa ya ratsa shi, yadda muke yi wa kifin da muke son ya kai kasuwa da rai. Na daɗe a haka. Can ya yi wani karkarwa, ya zame daga hannuna, ya nutse.

Ɗayan ya riga ya sandare.

Ina ɗago kai na hango wani jirgi. Fari ne mai rubutu a gefe, yana tsaye jikin wani jirgin masu kamu, tazarar da ba ta fi tsallaken kogi a rani ba. Mutum biyu ne a ciki da koren kakin jami'an hukuma. Ɗaya ya sunkuya cikin kular mutanen. Ɗayan yana tsaye da madubin hangen nesa, kuma wajenmu yake kallo.

"Alhaji," na ce, "kamunka ya jawo mana kamu."

"Kamuna lafiyarsa lau. Wa ya ce ka zo duniya da guntun hannu?" Ya yi dariya, amma ba ta kai ciki ba. Ya rage murya. "Saurara. Sulale shi ta wancan gefen, jikin jirgi zai kare ka. Ko ka ba ni wuƙa in yanka shi siri-siri, ya zama abincin ƙugiya."

Na dubi kifin, na dubi mai madubin. Ban san abin da ya riga ya gani ba. Wataƙila ya ga lokacin da na saki mai ran nan, ya ɗauka ɓoye laifi nake. In ya sake ganin hannuna ya leƙa ruwa, laifin ya zama biyu. In na bar shi kuma, ga shaida a kwance a kan ƙanƙara. Na tuna 'yata, wadda na bari tana rarrafe, yanzu har ta iya aiko mini da saƙon murya tana gyara mini Turanci. Duk jiran nan, a ce kifi ɗaya mai karkataccen baki ne zai tsaya a tsakani. Na ji injinsu ya tashi.

"Yi sauri, masa!"

Na ɗauki kifin na ɗora shi a kan benci, a fili, kusa da rular. Na zauna na ɗora hannuwana a gwiwa inda za a gan su.

Suka iso, suka kama jikin jirginmu. Mace ce da namiji. Macen ce ta yi magana, cikin ladabi, ta tambayi takardun rajista. Muka miƙa. Ta dubi rigunan ruwa, ta buɗe kula ta auna biyun da ke ciki a kan wani allon ƙarfe, ta mayar. Sannan ta ɗauki na kan bencin. Ta rufe masa baki, ta danna shi jikin allon, ta shafa wutsiyar. Ta sake yi. Ta tambayi wanda ya kama shi.

"Ni ne," in ji Alhaji, tun kafin in buɗe baki.

Shi ya daɗe da zama ɗan ƙasa, takardar laifin kifi ba za ta hana shi komai ba. Na san abin da yake yi mini, kuma har yau ban manta masa ba. Ba zan ɓoye ba, na so in bar shi a haka. Amma nan da mako uku zan ɗaga hannu in yi rantsuwa, ni kuma na san kaina. In aka yi mini tambayar, fuskata za ta faɗa kafin bakina.

Na ce da Turancina, "A'a. Ni ne."

Alhaji ya ce da Hausa, ba tare da ya dube ni ba, "Kai dai wallahi ba ka da dabara."

Ta tambaye ni ko na auna shi. Na ce na auna. Ta ce da me. Na ɗaga hannuna, na nuna mata daga gwiwa zuwa yatsa. Na yi mata bayani iyakar yadda kalmomina suka kai, cewa a wajenmu haka ake awo, abokina ya ce hannu ɗaya, ni kuma na yi da nawa. Na gaya mata akwai wani ma da na mayar yanzun nan da ransa, bayan na karanta rular. Ta ce ta gani. Ta miƙo allon ƙarfen ta ce in ɗora hannuna. Na ɗora. Ta ce Alhaji ya ɗora nasa. Namijin ya juya baya, kafaɗunsa na rawa. Ita ba ta yi dariya ba. Ta sa kifin a wata jaka, ta ciro littafi, ta karɓi katin shaidata, ta fara rubutu.

Ban taɓa jin rubutu ya yi tsawo irin wannan ba. Jirgin sama biyu suka wuce kafin ta gama. Ta yage takardar ta ba ni, ta yi wata magana da sauri wadda ƙarar jirgi na uku ta haɗiye rabinta, ta nuna rular jikin jirginmu da biro. Suka tafi.

Na miƙa wa Alhaji takardar. Ya laluba aljihu, ashe tabaraunsa na cikin mota. Ya nesanta ta iyakar tsawon hannunsa, ya ƙanƙance ido, ya ce shi tururuwa kawai yake gani. Ya dawo mini da ita.

Ruwa ya fara janyewa, jirgin na juyawa da mu a hankali. Na danne takardar a cinyata, na sa yatsa a kan manyan baƙaƙen da ke sama. W. A. R. N. Na tsaya, na koma farko. Na san kalmar. Tana jikin injin ɗaga kaya a sitonmu, tana jikin kwalbar maganin tari. Gargaɗi. Na bi sauran layi-layi ina neman inda aka sa ranar zuwa kotu. Na kai ƙarshe ban gani ba. Na sake bi daga sama.

"Gargaɗi ne," na ce.

"Ka tabbata?"

"Na karanta sau biyu."

"Alhamdu lillahi. To ɗauki sandarka, ruwa ya fara tafiya."

Ban iya ɗauka ba. Sauran yinin a zaune na yi shi, takardar a aljihun ƙirjina, ina taɓa ta lokaci-lokaci. Gargaɗi ne, amma da sunana a jiki, kuma hukuma ce ta rubuta.

Ranar Litinin na kai wa matar da ke taimaka mana. Ta karanta, ta cire tabarau, ta ce, "Kifi?" Na ce kifi. Ta ce a ganinta ba zai hana ba, amma ba ita ce mai yankewa ba. In tafi da ita, in an tambaye ni in faɗa.

Haka na yi. Jami'in da ya yi mini intabiyu dattijo ne mai sanyin murya. Na karanta jimlata, na rubuta wadda ya faɗa, na amsa tambayoyin tarihi. Da ya zo kan waccan tambayar, na ciro takardar na ajiye a gabansa. Ya daɗe yana dubawa. Ya fita da ita, ya dawo da kwafi, ya yi rubutu a cikin fayil ɗina. A ƙarshe ya ce ba zai iya ba ni amsa yau ba, za a aiko mini da wasiƙa. Waɗanda muka shiga tare da su wasu da amsarsu suka fito a hannu.

Mako shida na yi ina buɗe akwatin wasiƙu da safe, in sake buɗewa da yamma, ko da na san sau ɗaya ake kawowa. Alhaji ya daina ce mini Sarkin Ruwa. In mun haɗu a matakala sai ya ɗaga gira, ni kuma in girgiza kai.

Wata Laraba wasiƙar ta zo. A tsaye na karanta ta a bakin akwatin, jakar aiki a kafaɗata, mutane na ratsa ni suna wucewa. Ta ɗauke ni lokaci. An sa mini rana da wurin da zan je in yi rantsuwar zama ɗan ƙasa.

Na kira gida nan take. Layin na yankewa, sai da na faɗa sau uku kafin matata ta ji. Ta yi guɗa, na ji 'yarmu na tambaya daga nesa. Da ta nutsu ta fara lissafin abin da za ta taho da shi, tun ba a fara cike nasu takardun ba.

"Maigida, in sa a yi maka bandar kifi? Na giwan ruwa, irin wanda kake so?"

Na ce kada ta sa a yi tukuna. Ta bari in nemo takardar abin da ake bari a shigo da shi ta filin jirgi, in zauna in karanta.